Wayar da ke tsakanin altaneta da batir: yadda muka sauya ta a Golf ɗina

Ruwa ya same mu jim kaɗan da wuce Dambatta. Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta, na baro Kano bayan sallar magariba da mai ɗakina da yara biyu, za mu Kazaure duba mahaifiyata da ba ta jin daɗi. Na kunna waifa, na ƙara hasken fitila, na sa fanka don gilashi ya daina yin tururi. Ba mu yi wata tafiya mai nisa ba na ga waifa ta fara jan jiki, hasken fitila ya koma ja-ja irin na aci-balbal. Inji ya yi tari sau biyu, da ƙyar na gangara gefen titi kafin ya mutu. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai nake ji. Ga duhu, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga manyan motoci suna wucewa ta jikinmu, ni kuwa ko fitilar gargaɗi ba ta da ƙarfin kamawa. Ƙaramar 'yata ta fara kuka. Ba na fatan Allah ya sake nuna mini irin wannan dare.

Wani direban haya ne Allah ya kawo, shi ma Golf yake ja. Ya juyo ya haɗa hancin motarsa da tawa, ya jona mini batir na kusan minti goma sha biyar, ya jira har ruwa ya tsagaita, sannan ya ce in bi bayansa da ƙananan fitilu kawai. Haka muka shiga Kazaure. Ko kuɗin mai bai yarda ya karɓa ba. Abin da ya ce mini da za mu rabu shi ne, "Malam, motar nan ba ta caji. Ka nemi mai wayar da ke aiki da mitar auna wuta."

Abu biyu suka hana ni barci a daren. Batirin nan wata biyu kacal da saye. Kuma jar fitilar batir da ke kan dashbod ko sau ɗaya ba ta kama ba a hanya.

Motar Golf 3 ce, doguwa, ƙirar 1996, mai inji 1.8 da giyar hannu. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da irinta a 1991, saboda haka duk wadda ka gani a titin Kano ko Katsina ta ba shekara ashirin da biyar baya, kuma wayoyin da ke cikinta tare suka tsufa da ita. Matsalar ta fara ne tun kafin azumi. Da safe kik yakan yi nauyi, wani lokacin sai yaran unguwa sun tura ni. Na kai ta gareji, wanda ya duba ya tada inji, ya sa sifana ya cire kan batir. Inji bai mutu ba. Ya ce caji lafiya, batir ne ya gama aiki. Na sayar da tsohon ga masu sayen mataccen batir, na cika kuɗi na sayi sabo. Bayan sati biyar abin ya dawo. Wani kuma ya sauke altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ya sauya mata kabon, ya mayar. Ta yi kamar ta warke na sati uku, sai ga daren Dambatta.

Washegari na kai batirin wurin mai caji a Kazaure, na dawo Kano da rana tsaka ban kunna ko rediyo ba. Wani abokin aikina a makarantar da nake koyar da lissafi ya kwatanta mini wani dattijo mai wayar mota. Ranar Asabar da sassafe na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, da yaransa biyu, da wata tsohuwar mita mai ruwan ɗorawa da aka ɗaure bayanta da roba.

Na zayyana masa duk abin da ya faru. Ina cikin magana babban yaronsa ya buɗe bonet, ya ce in tada mota, ya ɗauko sifana ya nufi kan batir. Dattijon ya daka masa tsawa.

"Kai! Sau nawa zan gaya maka? Ajiye."

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kada ka sake bari a yi wa motarka haka. Batir shi ne ke shanye tsallen wuta. In ka cire shi inji na aiki, wutar altaneta tana iya yin tsalle ta ƙona birenbos, ƙwaƙwalwar motar, ko ta kashe altanetar kanta. Kuma gwajin ba ya gaya maka komai. Wutar da inji ke bukata don kada ya mutu 'yar kaɗan ce, ko ta siririyar waya za ta wuce."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta bayyana mini yadda na rasa batirina na farko. Har yau ina ganin ana wannan gwaji a gareji-gareji, mai mota yana tsaye yana gyaɗa kai, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani.

Ya fara aune-aune, kuma ya bar ni na tsaya kusa ina karanta lambobin. Inji a kashe, batir ya nuna bolt 12.5. Ya ce cikakken batir mai lafiya 12.6 yake nunawa, in ya sauko wajen 12.2 to rabinsa ya tafi. Muka tada mota, tana silo, ba a kunna komai ba: 13.6. Ya ce, "Ka gani? Wanda ya tsaya a nan zai ce maka je ka, lafiya lau." Sai ya sa yaro ya shiga ya kunna babbar fitila, da fanka a ƙarshen gudunta, da abin ɗumama gilashin baya, ya taka totur ya riƙe allura a wajen 2,000. Ina kallo lambar ta yi ta gangarowa har ta tsaya a 12.4. Ga inji yana ruri, amma abin da ke isowa batir bai kai na caji ba. Mota mai lafiya a wannan hali ya kamata ta riƙe kusa da bolt 14.

Na ce, "Baba, ashe altanetar ce dai."

Bai amsa ba. Ya zagaya ɓangaren da altaneta take, ya ɗaga 'yar hular robar da ke rufe ƙusar da babbar waya ke fita, ya ɗora jan tsinken mita a kan ƙusar, baƙin kuma a jikin altanetar. Ya nuna mini: 14.2. Altaneta tana ba da wuta yadda ya kamata. Abin da ta bayar ne ba ya isa inda aka aike shi.

A nan ya yi gwajin da na fi so kowane mai mota ya sani, domin ko kai kaɗai a ƙofar gida za ka iya yin sa da ƙaramar mita. Har yanzu inji yana aiki, kaya duk a kunne. Ya ɗora tsinke ɗaya a ƙusar altaneta, ɗayan a kan batir mai alamar ƙari. Wato duka tsinkayen suna kan hanya ɗaya, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta. Abin da mita za ta nuna a haka shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Waya mai kyau ba ta kai rabin bolt, galibi ma 0.2 ko ƙasa da haka za ka gani. Tawa ta nuna 1.7.

A motata babbar wayar altaneta ba kai tsaye take zuwa batir ba. Tana bi ta gaban inji, ta bayan fankar lagireto, ta sauka a kan babbar ƙusar kik, wato na'urar tada inji da ke jikin giyabos, daga can wata wayar ta ɗauka zuwa batir. Don haka ya raba hanyar gida biyu. Daga kik zuwa batir: 0.1. Daga altaneta zuwa kik: 1.6. Ya sa hannu da tsumma ya ɗan girgiza wayar kusa da altaneta, lambar ta yi tsalle ta haura 3, ta dawo, ta sake haurawa. Ya ce, "Ga abin da ya same ka a hanya. In ta yi zafi, mota kuma tana girgiza, sai ta kusa yankewa gaba ɗaya." Ya kuma auna ɓangaren baƙar waya, daga jikin altaneta zuwa kan batir mai alamar ragi, ya samu 0.1, ya ce wannan ba laifi.

Ya kashe inji ya ce in kai yatsa kusa da bakin wayar, kada in taɓa ƙarfen. Tun kafin yatsana ya isa na ji hucin. A tsaye a wurin na yi lissafin a kaina. Fitilu da fanka da abin ɗumama gilashi da famfon mai, a ƙiyasina, suna jan amfiya kamar 40. In ka ninka 40 da bolt 1.6 za ka samu wat 64. Ƙwan fitilar mota na gaba wat 55 ne, kuma kowa ya san ba a riƙe shi da hannu in yana ci. To zafin da ya fi wannan ne yake taruwa a wuri ɗaya da bai kai tsawon yatsa ba, a cikin roba, kusa da maiƙon inji.

Na tambaye shi dalilin da jar fitilar dashbod ba ta faɗakar da ni ba. Ya nuna mini wata siririyar waya shuɗiya da ke fita daga altaneta tare da babbar. Ita ce ke zuwa fitilar. Da zarar altaneta ta fara samar da wuta, fitilar za ta mutu. Shaidarta ta tsaya a kan cewa altaneta tana aiki, ba ruwanta da ko wutar ta isa batir.

Da inji ya huce aka shiga cire tsohuwar. Ni da kaina na nemi ya bar ni in sa hannu, ya yarda, amma kafin ya miƙo mini sifana ya dubi hannuna ya ce, "Cire azurfar nan, da agogon." Ya ce zobe in ya haɗa wuta da jikin mota, kafin ka zare shi ya yi ja ya cinye naman yatsa. Na cire na sa a aljihu. Ya ce in fara da kan batir mai alamar ragi, da sifana lamba 10. Dalilin a fili yake: jikin mota gaba ɗaya haɗe yake da wannan kan, saboda haka in sifana ta taɓa ƙarfe kana kwance shi ba abin da zai faru. In kuwa ka fara da mai alamar ƙari, sifanar ta taɓa jikin mota, batir zai juye ɗaruruwan amfiya ta cikinta a take. Na cire, ya karɓa ya lanƙwasa wayar can gefe, ya cusa tsumma a tsakani don kada ta dawo ta taɓa.

Notin altaneta lamba 13 ne, ya yi baƙi ƙirin, hular robar da ke kansa ta ƙandare har ta dare. Na kik shi ma 13, amma sai da yaro ya kwanta ta ƙasa kafin hannu ya kai. Aka ɓalle maƙalai biyu da ke riƙe da wayar a jikin inji, aka zaro ta. Tsawonta bai wuce mita ɗaya ba.

A ido, in ban da baƙin tef da aka naɗe a bakinta na wajen altaneta, ba za ka ce tana da wani aibu ba. Dattijon ya shimfiɗa ta a kan benci, ya warware tef ɗin, ya sa reza ya tsaga robar a tsaye. Wani gari kore-kore ya zubo a kan katakon. Silin jan ƙarfen da ya kamata su yi ja suna sheƙi sun koma baƙi, ya taɓa su da bakin reza suna karyewa kamar busasshiyar ciyawa. A can bakin, wani a shekarun baya ya taɓa sauya zoben da ke shiga ƙusa, ya sa ƙarami, ya bubbuge shi da guduma, silin da suka ƙi shiga ya yanke su ya rufe da tef. Waɗanda suka rage a haɗe na ƙirga su da idona, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ta wannan tef ɗin ruwa ke shiga duk lokacin da aka wanke inji da famfo mai ƙarfi, ya bi tsakanin silin ya kwanta. Tsatsa ta kawo zafi, zafi ya ƙara tsatsa, shekara da shekaru.

Wannan ne ma ya sa gwajin da wasu ke yi na sa mita ta yi ƙara ba ya kama irin wannan ciwo. Ko sili ɗaya ya rage, mita za ta yi ƙara ta ce hanya a buɗe take. Sai an ɗora wa wayar kaya sannan asirinta ke tonuwa. Kuma na gane dalilin da motar ta yi sauƙi na sati uku bayan an sauke altaneta: motsa wayar da sake ɗaure notin ne suka ɗan haɗa silin na wani lokaci.

Na ce ko za a yanke ruɓaɓɓen wurin a sa sabon zobe. Ya auna taƙi ɗaya daga bakin ya yanke. Ciki baƙi. Ya ƙara wani taƙin, har yanzu da duhu-duhu. Ya ce, "Malam, in na yi ta yanka har in kai wuri mai kyau, abin da zai rage ba zai kai kik ba. Sai sabuwa."

Na fara zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohuwar a leda. Akwai ta Beljiyom, wadda aka ciro daga wata Golf ɗin, kuma ba tsada. Na juya ta a hannu, robar ta yi tauri kamar tawa, na tuna cewa sa'ar motata ce, kuma ba zan iya ganin cikinta ba sai na tsaga. Na ajiye. Dattijon dama ya ce in ban samu mai gamsarwa ba in je wurin masu kayan sola, domin su ne yanzu ke da kaurin wayar batir da na'urar matse zobe.

Mai shagon solar da na shiga mutumin kirki ne. Ya sauko da naɗi biyu, duka ja, duka an rubuta 25 a jikinsu, wato kaurin milimita 25 murabba'i, amma ɗaya kuɗinsa ya kusa ninka ɗayan. Ya ce in ɗaga in ji. Mai arhar ba nauyi. Ya yanko ɗan guntu daga kowanne, ya zare sili ɗaya ya kankare da wuƙa: na mai tsadar ja ne har ciki, na mai arhar da an kankare sai fari ya bayyana. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a bayansa. Ya ƙyasta laita ya kara: silin jan ƙarfen ya yi ja ya tsaya a miƙe, ɗayan ya lanƙwashe ya zube. Alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin karyewa in ana girgiza shi, ga saurin ruɓewa in danshi ya shiga. A gaban inji kuwa girgiza da danshi da zafi su ne abincin kullum. Wanda ya sayi mai arhar don wannan aiki, ya sayo wa kansa irin daren da na kwana a ciki.

Maganar kauri, altanetar motata mai amfiya 70 ce, kuma waya mai 16 ta jan ƙarfe zalla ta isa. Mita ɗaya na irinta, ko altaneta tana ba da ƙarshen ƙarfinta, abin da zai ɓace bai kai bolt 0.1 ba. Na ɗauki mai 25 ne saboda bambancin kuɗin a mita ɗaya ba yawa, kuma da ita asarar tana sauka wajen 0.05. Na sayi zobba biyu na jan ƙarfe masu ruwan farin ƙarfe a bayansu, masu hujin milimita 8 daidai da ƙusoshin, da robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, da bututun roba mai gaɓa-gaɓa da ake zura waya a ciki, da siririyar waya ta madadin shuɗiyar. Muka gwada tsawon da tsohuwar, na ƙara ɗan yatsa uku. Ya fere bakin daidai zurfin zoben, ya tabbata ko sili ɗaya bai tsaya a waje ba, ya sa a na'urar ya yi ta famfo har ta matse shi ya fito da kusurwa shida. Ya ba ni ya ce in ja da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Duka abin da na kashe a shagon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin batirin da na saya ba.

Da na dawo bayan azahar, dattijon ya karɓa ya duba matsin ta kowane gefe, ya ce madalla. Na tambaye shi ko za a ƙara da dalma. Ya ce a'a. Dalma takan bi cikin silin ta sandarar da wayar a bayan zobe, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan girgiza ke karya ta. Matsi mai kyau ya wadatar. Ya zura robar tsukewa a bakunan biyu, ya gasa ta a hankali har ta kama, ta rufe duk inda ruwa zai samu ƙofa.

Shuɗiyar wayar ma da ya lanƙwasa ta robarta ta tsage, don haka aka sauya ta tun daga altaneta har inda take shiga sauran wayoyi. Ya ce kada in raina ta. Ta cikinta ne 'yar wutar farko ke zuwa ta tada altaneta in an kunna mota. In ta yanke, za ka ga Golf ba ta fara caji sai an taka totur sosai, wani lokacin ma ta ƙi.

Wajen shimfiɗa sabuwar ne ya fi ɓata lokaci, kuma a nan na ga bambancin mai sana'a da mai neman a sallame shi. Wannan waya a motata ba fis a kanta. Motocin da suka zo daga baya da yawa suna da babban fis na amfiya 100 ko fiye a wannan hanya, amma tawa a haɗe take da batir dare da rana, ko makulli yana aljihuna. In robarta ta goge ta taɓa ƙarfen inji, ba abin da zai yanke wutar sai gobara. Saboda haka ya zura ta tare da siririyar a cikin bututun roba tun daga farko har ƙarshe, ya bi da ita ta tsohuwar hanyarta, ya mayar da maƙalan asali, ya ƙara 'yan robobin ɗauri a wuri uku. Ya juya fankar lagireto da hannu ya ga tazarar da ke tsakani. Ya nisanta ta da fanbel, ya ɗauke ta daga ƙarƙashin filtar baƙin mai inda ɗigo ke sauka in ana juye. Ya bar ɗan sassauci a wajen altaneta don in an zo ɗaure bel a motsa ta ba tare da an ja wayar ba.

Kafin a ɗaura, ya ba ni samfefa ya ce in goge mazaunin ƙusar altaneta da na kik da zoben wayar batir har sai sun yi haske. Ya ce zobe ne zai fara zama a kan mazauninsa, ƙarfe da ƙarfe, washa ta biyo baya, sannan noti. Wanda ya sa washa a ƙarƙashin zobe ya tilasta wa wuta bi ta baƙin ƙarfe, ya sake buɗe ƙofar zafi. Da na zo ɗaure notin altaneta na sa ƙarfi, ya riƙe mini hannu.

"A hankali, Malam. Ƙusar nan a cikin roba take zaune, bayanta kuma kayan altaneta ne masu laushi. In ta juya, aiki ya koma sabo. Ya kama, ka ƙara kaɗan, shi ke nan."

Ya kawo wata hular roba daga akwatin tarkacensa ya rufe ƙusar. Tunda hannu ya riga ya yi baƙi, muka kwance baƙar wayar batir a inda take kama jikin mota da inda take kama giyabos, muka goge, muka mayar. Muka wanke kawunan batir. Wajen mayarwa aka juya tsarin: mai alamar ƙari da farko, mai alamar ragi a ƙarshe, sannan ɗan giris a sama bayan an ɗaure.

Na shiga na murɗa makulli. Jar fitila ta kama, inji ya tashi, ta mutu. Yana silo batir ya nuna 14.1. Yaro ya kunna babbar fitila da fanka da abin ɗumama gilashi, ya riƙe totur a 2,000 kamar ɗazu: 13.9, kuma ta tsaya a nan ba ta gangara ba. Daga altaneta zuwa kik, inda da safe muka ga 1.6, yanzu 0.04. Dattijon ya girgiza wayar, lambar ba ta motsa ba. Muka bar ta a haka minti goma, ya kashe, ya ce in taɓa. Ɗumin inji kawai na ji a jikinta.

Ya ce kada in dogara da altaneta ta cika batirin da ya sha wahala haka, in kai shi a yi masa caji a hankali na kwana ɗaya. Batir mai ruwa in ya daɗe ba ya cika, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa ya rage masa ƙarfi, in abin ya yi nisa kuma ba ya komawa. Nawa wata biyu ne kawai a wannan hali, ya farfaɗo. Na farkon, wanda na sayar a matsayin matacce, har yanzu ina jin da an auna wayar nan tun ranar, da yana cikin motata.

Da na tambayi kuɗin aiki, abin da ya faɗa ya yi mini kaɗan, na ƙara masa, na ba yaran na abinci. Na roƙi guntun tsohuwar wayar da ya tsaga, ya sa mini a leda. Ranar Litinin na kai shi aji na nuna wa ɗalibaina 'yan aji biyar, muka yi lissafin amfiya 40 sau bolt 1.6 a kan allo, guntun yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, koren garin yana zuba a kan littattafansu.

Na kuma sayi 'yar ƙaramar mita da ake cusawa a ramin laitar mota, mai nuna lamba da jan haske. Sati biyu bayan haka muka sake kama hanyar Kazaure, Hajiya ta samu sauƙi za mu ɗauko ta ta kwana biyu a wurinmu. A dawowa dare ya yi mana, yayyafi ya fara kafin Dambatta. Na kunna waifa da babbar fitila da fanka. Babban ɗana yana tsakiya a baya, ya leƙo ta tsakanin kujeru yana karanta mini lambar duk bayan ɗan lokaci. Daidai wurin da muka tsaya a wancan dare ya ce, "Baba, 13.9." Hajiya tana gefensa da carbi a hannu, ta tambayi me yake ƙirgawa, mai ɗakina ta fara ba ta labarin tun daga farko.